Yadda ɗan kwana-kwana zai yi da zafin kayan aiki da gajiya kada ƙafa ta kwashe shi

Wannan rubutun saboda ƙannenmu na yi shi, waɗanda suka shigo aikin kwana-kwana kwanan nan, maza da mata, musamman waɗanda aka ajiye nan Kaduna. Wanda ba ɗan aiki ba shima in ya karanta ba laifi, ko ba komai gobe in ya ga ɗan kwana-kwana ya zauna a inuwa ya tuɓe riga yana shan ruwa alhali wuta na ci ba zai fara zagi ba, don wallahi mun sha zagi a kan wannan.

Abin da ya tayar min da maganar, wata rana ce cikin watan Afrilu wasu shaguna suka kama wajen ƙarfe biyu na rana, mun yi kusan awa biyu a kai har wuta ta lafa, saura hayaƙi da tone-tone. Wani yaronmu ƙaƙƙarfa, ko a fareti shi ne a gaba, ya hau tsani ya leƙa rufi yana saukowa, saura mataki uku ya taka ƙasa kawai sai muka gan shi a kwance. Wuta bata taɓa shi ba, katako bai faɗo masa ba. Da ya dawo hayyacinsa cewa ya yi shi dai ya ga matakin, ya aika ƙafa, ƙafar ce bata je inda ya aike ta ba. Wata biyu yana ɗingishi. Sai daga baya muka ji ashe tun shayin safe bai ƙara sa komai a bakinsa ba.

Ka fara sanin abin da ka saka a jikinka

Rigar nan da wandon hawa uku ne, ƙanina. Na waje shi ke tare harshen wuta, yawanci da irin su Nomex da Kevlar ake saƙa shi, na tsakiya yana hana ruwa shiga, na ciki kuma kamar bargo yake, yana hana zafi isa fata. To abin da ya hana zafin waje shiga, shi ɗin ne dai zai hana naka zafin fita. Jikin mutum yana zaune ne wajen digiri 37, kuma babbar hanyar da yake sanyaya kansa ita ce zufa ta fito iska ta busar da ita, bushewar ce ke tafiya da zafin. Dubi randar ƙasa, me ke sa ruwanta sanyi? Tsatsafowar da take yi iska na busarwa. Ka naɗe randa da leda ka ajiye ta a rana ka dawo ka sha ruwan ka ji. Kai ne randar nan in ka saka kaya. Zufa zata fito ta gangara ta taru a cikin but, ka yi asarar ruwa kuma baka samu sanyi ba. A aiki mai nauyi mutum kan zubar da lita ɗaya har biyu a awa guda, fiya wata ɗaya rabin lita ce, kaga kenan leda biyu zuwa huɗu ke fita daga jikinka duk awa.

Sai nauyi. Riga, wando, hular kwano, but, safar hannu da silindar iska ta BA, wato na'urar numfashi, a baya, in ka haɗa su kilo 20 ne zuwa 25, kusan rabin buhun siminti kenan ka goya tun baka taɓa mesa ba. Ita kanta mesar nan mai kauri milimita 70 mai tsawon mita 25, in ta cika ruwan da ke cikinta ya kusa lita 100, wato kilo 100, kuma kai zaka ja ta cikin lungun kasuwa.

Nauyin ma da sauƙi da ace a daidai yake zaune. Silinda a baya take kuma a sama, tana janka baya, sai ka riƙa duƙowa gaba ba tare da ka sani ba, ƙugu da cinya da ƙwauri suna ta aikin tsayar da kai. Tambayi kowace uwa yadda ake sauka matakala da goyo. Takunkumin fuska ya yanke maka ganin gefe da ganin ƙasa, in ya yi gumi daga ciki kuma shikenan. Safar hannu ta rage maka jin abin da ka riƙe. But ɗin roba ya fi na fata nauyi, kuma ƙafa in ta gaji bata ɗagawa kamar yadda take ɗagawa da safe, raguwar ɗan yatsa ɗaya ta isa kan takalmi ya sarƙe da mesa.

A cikin jiki kuma ga abin da ke faruwa: jini ya ruga fata don ya kai zafi waje, ruwan jinin ya ragu saboda zufa, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin, ƙwaƙwalwa ta fara samun ƙasa da rabonta. Mutum in ya rasa ruwa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa aikinsa ya fara lalacewa, mai kilo 70 kusan lita ɗaya da rabi kenan, awa ɗaya ta ishe shi ya kai nan. Lissafi ya yi nauyi, ƙafa ta yi nauyi, kuma abin haushin shi mai jikin shi ne na ƙarshe da zai gane. A Amurka inda suke rubuta komai, kusan rabin 'yan kwana-kwanan da ke mutuwa a bakin aiki bugun zuciya ne ke kashe su, sannan zamewa da tuntuɓe da faɗowa kullum suna sahun gaba a abin da ke ji musu ciwo. Su kenan da ke da kaya da ma'aikata.

Kafin ƙararrawa ta buga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan da zai riƙe ka a wajen gobarar ƙarfe biyu shi ne wanda ka sha tun safe a ofis. Kada ka jira ƙishi, ƙishi a makare yake zuwa. Ma'aunin da baya buƙatar kuɗi shi ne fitsari, ka yi haƙuri da maganar, in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske kana lafiya, in ya fito kamar baƙin shayi to tun baka fita ba an fara binka bashi. Daga Maris zuwa farkon damina nan Kaduna rana kan haura digiri 35, wannan kowa ya san ya sha ruwa. Hunturu ne mayaudari, gari da sanyi-sanyi, iska a bushe, mutum baya jin ƙishi sai leɓe ya tsage, kuma lokacin ne gobarar kasuwa da ta gidaje ke yawa. Cikin rigar nan babu hunturu.

Ka ci abinci, ka yi barci. Na san halin da ake ciki, wani in ya tashi daga duti keke napep yake ja, wani gadi, wani shago, ba mai ganin laifinka. Amma in baka runtsa ba ka faɗa wa oganka tun da safe ya san inda zai sa ka. Haka in kana fama da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa, ko jiya ka gama allura, jikinka ya riga ya yi zafi ko ya riga ya bushe, ranar ba taka bace ta ɗaukar BA. Mai shan maganin hawan jini irin wanda ke sa yawan fitsari ya gaya wa likitansa irin aikin da yake yi. Lemon ƙara kuzarin nan na gwangwani da yara ke ɗirka biyu uku, zuciyar da zata yi gudu dama ka ƙara mata bulala. Ƙwaya kuwa bana ma son in tsaya a kanta, wanda ya sha tiramadol don kada ya ji gajiya ya kashe ƙararrawar jikinsa ne kawai, kuma ni ba zan hau tsanin da ya riƙe ba.

Wanda ya dawo daga hutu ko daga jinya, ko sabon da aka kawo, jiki na buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. A fara masa da kaɗan. Kuma tirenin ɗin da ake yi da singileti da kambas yana da kyau amma bai isa ba, ko sau ɗaya a sati a saka cikakken kaya a hau matakala a sauka, a hau tsani, a tsallake mesa, ƙafa ta koyi sabon nauyinta a tsakar gidan ofis inda faɗuwa abin dariya ce.

Duba kayanka. But in ya yi maka yawa ƙafa na yawo a ciki, in babu canji ka ninka safa, in ƙasansa ya cinye ya yi sumul ka rubuta ka kai, ka sake rubutawa. Wando in ya zazzago tsakanin cinyoyi ba zaka iya ɗaga ƙafa yadda ya kamata ba, ka ja igiyar kafaɗar ta ɗaga shi. BA kuwa yawancin yara kafaɗa suke ɗaurewa tamau su bar bel ɗin ƙugu yana lilo, akasin haka ake yi, ɗaure ƙugu da kyau nauyin ya zauna a kwatangwalo, na kafaɗa ka ja su daidai yadda silinda ba zata yi rawa ba. A ciki ka sa rigar auduga, jesin ƙwallon nan na roba in zafi ya kai gare shi narkewa yake ya manne da fata.

A mota a samu kular sanyi da fiya wata da ƙanƙara in da hali, da ORS, da bokiti biyu. Ko karo-karo ne a yi, mu haka muke yi.

Maganar azumi

Dole in taɓa ta tunda a shekarun 2024 da 2025 azumi cikin Maris ya kama, tsakiyar zafi, kuma 'yan uwanmu Kirista ma nasu azumin kusan lokacin yake faɗowa. A sahur kada ka cika ciki da tuwo ka bar ruwa, tun daga buɗa-baki ka riƙa sha kaɗan-kaɗan har zuwa asuba, ka haɗa da kankana ko kunu ko fura. Oga ya duba wanda baya azumi ranar ya sa shi gaba da rana, da dare a musanya, a Kaduna wannan abu ne mai sauƙi tunda a haɗe muke. In kuwa mutum ya kai ga jiri da ganin duhu a tsakiyar aikin ceton rai, ni ba malami bane, amma ka je ka tambayi malaminka tun kafin watan ya kama game da lalura da ramuwa, kada ka bari sai kana kan rufi sannan ka fara yi wa kanka fatawa.

A wajen gobara

Faɗuwar farko daga mota take farawa. An iso, jama'a na ihu, jini ya hau, sai yaro ya diro da kilo 25 a baya, ƙasa kuma kwata ce ko dutse. Juyo ka fuskanci motar, riƙe ƙarfe, sauko da baya. Kuma kada ka yi gudu, sauri ya haifi nawa, gudun mita hamsin cikin kayan nan zai cinye maka ƙarfi ba kaɗan ba.

Kafin ka shiga ka ba ƙasa daƙiƙa goma ka kalle ta, ina kwata, ina murfin sokawe, ina rijiya, ina wayar wuta ta faɗo. Gidajen Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da yawa rijiya na tsakar gida, wata ma kwano kawai aka ɗora mata, tambayi mai gida kafin hayaƙi ya rufe. In kasuwa ce, irin Kasuwar Barci ko Panteka ko babbar kasuwar Gumi, ka sa a ranka lungu matsattse ne, ga tebura, ga ƙarafa, ga kwatar da aka rufe da katako, in layin masu manja ne ko man gyaɗa ko bakin mai to da ruwa ya sauka ƙasa ta zama sabulu. Kumfar da muke fesawa ita ma santsi gareta kuma tana ɓoye rami.

Cikin hayaƙi ba a tafiya irin ta titi. Nauyinka a ƙafar baya, ƙafar gaba ta share ƙasa ta dudduba ta buga, in ta tabbata sannan ka mayar da nauyi kanta. In baka ganin ƙafarka to ka sauka kan gwiwa. A matakalar bene bi gefen bango, gwada kowane mataki, in zaka sauko cikin duhu juyo ka sauko da baya kamar tsani. Mesa kuwa ka tsallake ta, kada ka taka ta, mai ruwa mirginawa take.

Tsani: in inda zai jingina mita huɗu ne a sama, gindinsa ya ja baya mita ɗaya daga bango, kansa ya wuce bakin rufi da kamar mita ɗaya don ka samu abin riƙewa. Kafin a ɗaga a kalli sama saboda waya. Ɗan aiki ne zai taka gindinsa ya riƙe, kada a ba ɗan kallo, ɗan kallo da gas ya fashe zai saki ya gudu kuma ba zaka ga laifinsa ba. Kullum abu uku na jikinka su kasance a kan tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Rufin kwano kuma kada ya ruɗe ka, daga sama lafiya lau, daga ƙasa wuta ta cinye katakon. In ba dole ba yi aikinka daga kan tsani. Silin ba wurin takawa bane ko kaɗan.

Matasan unguwa da ke zuwa taimako Allah ya saka musu, sau da yawa kafin mu iso su suka fara. Amma a basu aikin da ya dace, su kore jama'a daga kan mesa, su kawo ruwan sha da benci.

Lissafin iska: silinda mai lita 6 da aka cika ta har bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da iska lita 1,800, a takarda minti 45 kenan in kana shaƙar lita 40 a minti. Mai jan mesa a bene cikin zafi yana iya ninka wannan shaƙar, sai ka ga minti 20 zuwa 25 ta ƙare. Usur ɗinta na gargaɗin iska ta kusa ƙarewa yana busawa ne wajen bar 55, kuma ana so ya busa kana waje, wanda ya jira usur a ciki shi ne zai fito a guje a gajiye, nan ake karyewa.

Hutu, da yadda ake yinsa

Ƙa'idar NFPA 1584 ta ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka cewa ta yi bayan silinda ɗaya ta minti 30 ko aiki mai nauyi na minti 20 a huta aƙalla minti 10 a sha ruwa, bayan silinda biyu ko aikin minti 40 a huta aƙalla minti 20. Na san me zaka ce, mu biyar ne a mota har da direba. Gaskiya ne. To a yi karɓa-karɓa, biyu a kan mesa, ɗaya a inuwa, ana juyawa, kuma lokacin da mota ta tafi ɗebo ruwa kada a tsaya a rana cikin kaya ana musu da jama'a, wannan hutu ne Allah ya kawo.

Babbar matsalar ma kunya ce. Ba yaron da zai ɗaga hannu a gaban jama'a da abokansa ya ce na gaji, musamman mace da take ganin ana jiran ta gaza. Don haka ranka ya daɗe oga, kada ka tambaya wa ya gaji, ba wanda zai amsa. Kira suna, wane fito, minti goma, wane karɓe shi. In umarni ne ba wanda ya ji kunya. Kuma kai ma oga ka zauna a gan ka.

Hutu da riga a jiki ba hutu bane. Nemi inuwa ta inda iska ke fitowa, nesa da hayaƙi da salansar mota. Cire hula, cire ƙyallen kai, safar hannu, riga gaba ɗaya, buɗe wandon ka zuge shi ƙasa. Zauna, kada ka tsaya ƙiƙam, mutum in ya daina motsi farat ɗaya jini kan taru a ƙafa ya ga duhu. In jiri ya zo kwanta ka ɗaga ƙafa. Ka sani kuma zafin cikin jiki yana ci gaba da hawa na wasu mintuna bayan ka daina aiki, shi ya sa minti biyu baya komai.

Bokitin nan da na ce a ɗauko ga amfaninsa. Zuba ruwa mai sanyi, tsoma hannu biyu har gwiwar hannu, minti 10 zuwa 20. Tafin hannu da damtse jijiyoyin jini na kusa da fata, jinin ya huce a nan ya koma ciki, ya fi fifita da kwali nesa ba kusa ba, musamman da damina da iska ke da laima zufa bata bushewa. Ba sai da ƙanƙara ba, ruwan rijiya ma ya yi. Jiƙa tawul ka ɗora a wuya.

Sha ruwa a hankali, leda ɗaya, ka ɗan jira, ka ƙara, uku a awa guda ya kai iyaka, ɗirkawa lokaci ɗaya amai yake kawowa. In aiki ya wuce awa ɗaya ruwa zalla bai isa ba tunda gishiri ma na fita, a kaɗa ORS, in babu a haɗa na gida: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kafin ka koma taɓa wuyan hannunka ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, in bayan minti 20 kana zaune har yanzu ya haura 100 to ba yanzu ba, a duba ka. Ni abin da nake ƙarawa, nakan sa yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya ya gaya min lambar wayarsa, in ya yi tangaɗi ko ya tsaya tunani to ya gama hawa sama ranar.

In abokin aiki ya fara canzawa

Kai ba zaka gane naka ba, shi zai gane, kai kuma ka gane nasa. Matakin farko ɗaurewar jijiya a ƙwauri ko ciki, ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala. Wannan a fitar da shi, a tuɓe, a sanyaya, a bashi ruwan gishiri da sukari, ya gama na yau ko da ya rantse ya warke.

Wanda ke kisa shi ne in hankali ya taɓu. Mutum ya fara surutai marasa kan gado, ko mai haƙuri ya hau faɗa ba dalili, ko yana tafiya kamar mashayi, ko ya faɗi yana jijjiga. A nan zafin jiki ya haura digiri 40, kuma kada ka ce ai yana zufa ba komai, mai aikin ƙarfi yana iya kaiwa nan jikinsa sharkaf. Ba aljanu bane, a yi addu'a hannu na aiki. Tuɓe shi, kwarara masa ruwan sanyi daga wuya zuwa ƙafa ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. In akwai tamfol a kwantar da shi a ciki mutane su ɗaga gefuna a zuba ruwa da ƙanƙara, wani ya tallabe kansa. Sanyayawa a nan take ita ce gaba, wani na kiran 112 ko yana neman mota, a hanyar asibiti ma ana ci gaba. Kada a ɗura masa ruwa ko madara in baya cikin hayyacinsa, shaƙewa zai yi, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol baya sauke irin wannan zafin. Wanda ya ce ƙirjinsa na ciwo ko numfashi ya gagara, asibiti kai tsaye, ko shekararsa 25.

Wanda ya faɗo daga sama kuwa, in ba wuta ko bango ke shirin cin masa ba kada a ɗaga shi cak ana cewa tashi namiji ne. A riƙe kai da wuya kada su motsa, a tambaye shi ko yana jin yatsun ƙafarsa, a nemo abin ɗauka mai ƙarfi.

Bayan wuta ta mutu

Nan ne yaronmu ya faɗi, kuma in ka tambayi tsofaffin aiki zasu ce maka nan aka fi faɗuwa. Tsoron da ke riƙe da kai ya sake ka, gajiyar da ka ɓoye ta taso gaba ɗaya, kaya sun jiƙe sun ƙara nauyi, ƙasa duk ruwa da toka da ƙusa da fasasshen tayil, wataƙila dare ya yi kuma an yanke wuta. Ga mutane sun cire takunkumi suna tone-tone alhali abin da ke cin wuta a ɓoye yana fitar da iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, ita ma ciwon kai da jiri take sawa. Kafin a fara tonon a zauna a huta tukuna, wutar da ta lafa zata iya jiran minti goma da mutum ɗaya a kanta da mesa. A kunna fitila. Wanda ya fi hutawa shi zai hau tsani, shi zai hau saman mota mayar da kaya, saman motar nan a jiƙe ya kayar da mutane da yawa. Direba ma a dube shi, shima tun ɗazu yana tsaye a rana jikin famfo.

In an koma ofis a yi wanka, a ci abinci mai ɗan gishiri. In akwai sikeli ka hau, duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta fita, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awoyin da ke tafe. Kaya a wanke a shanya a inuwa inda iska ke bi, rana tana cin yadin, kuma kada a koma wata gobara da rigar da ke jiƙe daga ciki in akwai yadda za a yi, ruwan kan zama tururi ya ƙona fata. Duk wanda ya zame ko ya yi tuntuɓe ko da bai ji ciwo ba ya faɗa a rubuta a littafin duti, wane wuri, ƙarfe nawa, bayan minti nawa yana aiki, don in an tara na wata uku zaku ga da idonku lokacin da ƙafafun shif ɗinku ke fara mutuwa. In kuma washegari ka tashi naman jikinka na ciwo fiye da kima kuma fitsari ya fito kalar Coke, kada ka tsaya shan jiƙo ko zuwa kemis, naman jiki ne ya narke yana neman toshe ƙoda, ka tafi asibiti ranar ka gaya musu aikin da ka yi jiya da awa nawa ka yi cikin kaya.